Sabar da ta ƙi tashi ta riga ta faɗi dalilinta

A aikin girka rumbun bayanai wa makarantu da ƙananan ofisoshi, kiran da ya fi yawan zuwa mini shi ne: "Oga, mun girka lafiya lau, amma ta ƙi tashi." Idan na tambaya me ta ce, sai a karanto mini abin da ke kan allo. To abin da ke kan allo, galibi ba bakin sabar ba ne, wato manhajar da ke riƙe da rumbun bayanan.

Ɗauki saƙon da duk mai taɓa manhajar rumbun bayanai ta MySQL a kan Ubuntu, wani nau'in Linux, ya sani, wanda ke cewa an kasa haɗuwa ta /var/run/mysqld/mysqld.sock, da lamba 2 a ƙarshensa. Wannan ƙorafin manhajar da kake son shiga da ita ne. Abin da take faɗa kawai shi ne ta je neman fayil ɗin ba ta same shi ba, kuma ba za ta same shi ba, domin sabar ce ke ƙirƙirarsa bayan ta tashi. Na ga waɗanda suka ƙirƙiri fayil ɗin da hannu suna jiran a dace. Bakin sabar yana cikin kundin kurakuranta: /var/log/mysql/error.log a Ubuntu, /var/log/mysqld.log a dangin Red Hat, PostgreSQL kuma, wata manhajar rumbun bayanan, tana ajiye nata a cikin /var/log/postgresql a Ubuntu. Ko a can ma akwai yadda ake karatu. Layukan ƙasa sanarwar rufewa ce kawai. Sai ka hau sama har ka kai kuskuren farko na wannan yunƙurin, ka duba lokacin da ke gefensa don kada ka ɓata yini kana maganin ciwon jiya.

Wata makarantar sakandare ce ta fi nuna mini amfanin wannan. Sun sa sabon faifai mai girma a na'urar, suna so bayanan ɗalibai su zauna a kansa. Yaron da ke kula musu da kwamfutoci ya kwafe foldar /var/lib/mysql zuwa sabon wurin, ya gyara adireshin a fayil ɗin saiti, ya mallaka wa mai amfani mysql foldar kamar yadda ya kamata. Ya tayar, ta mutu. Kundin ya nuna kuskure mai lamba 13, wato an hana izini. Ya sake duba mallakar, komai daidai.

Ya ce mini, "Oga, bari in sa mata 777 kawai mu huta, shugaban makaranta yana ta kira."

777 izini ne da ke buɗe folda ga kowa. Na ce masa ya dakata, ya buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux kansa, ya nemi kalmar DENIED. Ga ta nan a fili, AppArmor ne ya hana. Ubuntu tana da wani tsaro a saman izinin fayil na yau da kullum, wanda ya ƙayyade wa mysqld, wato sabar MySQL ɗin kanta, wuraren da za ta iya taɓawa, sabon faifan kuwa ba ya cikin jerin. Kamar mutum ne riƙe da makullin ɗaki, amma mai gadin bakin get bai ga sunansa a takarda ba. Ko ka ɓalle ƙofar ɗakin gaba ɗaya ba zai shiga ba. Muka ƙara sabon wurin a dokokin AppArmor, muka sake loda su, ta tashi nan take. A Rocky Linux da 'yan'uwanta SELinux ne ke wannan aikin, kuma hali ɗaya ne. Abin da ya dame ni a ranar shi ne da 777 ɗin nan ta zauna, da sakamakon jarrabawa da lambobin wayar iyaye sun zama a buɗe ga duk wanda ke da asusu a na'urar, kuma sabar ba za ta tashi ba duk da haka.

PostgreSQL ma ba ta yarda a kai ga nan. Idan foldar bayananta a buɗe take ga kowa, ƙin tashi take yi, sai izinin ya koma 0700, ko 0750 da aka halatta tun fitowa ta 11 a 2018. Haka kuma ba ta yarda a tayar da ita da asusun root, mai cikakken iko a kan na'urar. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin taurin kai. Ni ina ganinsa mutunci ne: manhajar da aka ba amanar bayanan jama'a gara ta tsaya ta yi magana da ta tashi a gurguje ta zubar da amanar. Sai dai tana da nata tarkon a Debian da Ubuntu. Ka tambayi systemctl, umarnin da ke kula da hidimomin na'urar, halin postgresql, ya nuna maka kore, active (exited), hankalinka ya kwanta, alhali wannan inuwa ce kawai ta sauran hidimomin. Gaskiyar tana wajen pg_lsclusters, wanda zai nuna ko rumbun yana raye ko yana ƙasa, da ƙofar da yake saurare, wato lambar da ake haɗuwa da shi ta cikinta. Idan akwai tsohuwar fitowa a na'urar riƙe da ƙofar 5432, sabuwar kan koma 5433, kai kuma kana ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba tata ba. A dangin Red Hat kuwa girkawa ba ta ƙirƙirar rumbun, sai ka gudanar da initdb da kanka kafin tashin farko.

Sauran dalilan na gama-gari ne, minti biyu sun isa a tantance su. Faifai ya cika, kuskure mai lamba 28, umarnin df zai nuna. Wata manhaja ta riga ta kama ƙofar 3306 da MySQL ke amfani da ita, sau da yawa MariaDB ko tsohuwar XAMPP da aka manta da ita. Ko kuma ƙaramar sabar haya ce mai RAM 512MB, Linux ya kashe mysqld don ya ceci kansa, ya rubuta hakan a dmesg.

Wanda ya fi cin lokacin mutane shi ne tsohon fayil ɗin saiti. A ɗauko my.cnf da ya yi shekaru yana aiki a MySQL 5.7, ko a kwafo shi daga wani darasi na intanet, a ɗora wa 8.0. Layi ɗaya kamar query_cache_size ya isa ya hana ta tashi, domin an cire wannan tsarin baki ɗaya a 8.0, ita kuma ba ta tsallake abin da ba ta sani ba. Kundin zai ambaci sunan layin ƙarara.

A nan ne nake yawan saɓawa da masu cewa a cire a sake girkawa. Umarnin apt remove yana barin /etc/mysql da /var/lib/mysql yadda suke, saboda haka sabuwar girkawar za ta tarar da layin da ya kashe ta farko yana jiranta. Wanda ya fusata ya share foldar bayanan kuwa, idan an riga an zuba wani abu a ciki, ya tafi ke nan. Hatsarin ya fi yawa a wurinmu saboda ɗauke wuta: na'ura ta mutu tsakiyar rubutu, ta dawo tana gyaran kanta daga kundin ma'amaloli, mai gaggawa ya ga fayiloli masu kalmar log a sunansu ya zaci shara ce. Irin wannan ɓarnar ce ta sa masu PostgreSQL suka sauya wa foldar pg_xlog suna zuwa pg_wal a fitowa ta 10 a 2017. Shi ya sa kafin in taɓa komai a sabar da ta taɓa ɗaukar bayanai, sai na kwafe foldar gaba ɗaya zuwa wani faifai, sannan in gyara abu ɗaya, in tayar, in koma kundin in ga ko kuskuren farko ya canza.