Cocin talakawan Jordaan

Duk wanda ya je Amsterdam sai ka ga ya nufi cocin Westerkerk da kyamara saboda doguwar hasumiyarta, ni kuwa Noorderkerk ce ta tsaya min a rai, wata coci mai jan bulo a unguwar Jordaan wadda in ba ka lura ba sai ka wuce ta.

A 1620 aka fara gina su duka biyun, kuma mutum daya ne ya zana su, Hendrick de Keyser. Westerkerk ta masu hannu da shuni ce da ke zaune bakin manyan magudanan ruwa, ita kuma wannan an yi ta ne don leburori da masu sana'ar hannu da suka cika sabuwar unguwar. De Keyser bai ga karshenta ba, ya rasu a 1621, dansa Pieter na cikin wadanda suka karasa aikin a 1623.

Abin da ya fi burge ni shi ne fasalinta. Tsofaffin cocin Katolika dogaye ne, kowa na fuskantar bagadi can kurya, na baya sai dai ya hango. Su kuwa 'yan Furotesta da suka karbi mulkin birnin a 1578 wa'azi ne gaba da komai a wajensu, to ina amfanin wa'azin da ba a ji? Ga shi lokacin babu lasifika. Shi ya sa aka yi ta kamar gicciye mai hannu hudu daidai wa daida, manyan ginshikai hudu a tsakiya, mumbari jingine da daya daga ciki, kujeru sun kewaye shi, duk inda ka zauna muryar fasto za ta same ka. Ba gumaka, ba zane-zane, farin bango ne kawai da hasken taga, kuma gaskiya natsuwar wurin sai wanda ya shiga.

Daga waje ma an cike kusurwoyi hudun da ke tsakanin hannuwan gicciyen da kananan gine-gine manne da jikinta, sai ta zama kamar makwabciya cikin makwabta.

A filin gabanta ne ma'aikata suka taru a Fabrairun 1941 suka kira yajin aiki kan kamen Yahudawa da 'yan Nazi ke yi. A zamanin yau, ranar Asabar da Litinin kasuwa ke ci a filin, Lahadi kuma har yanzu ana ibada a ciki.