Asibitin Jakuna a Birnin Fas

Ziyara ce ta kai mu Maroko, ni da Kawu. Shi ɗan Tijjaniyya ne tun yana saurayi, kuma dillalin fata ne a Sakkwato, ya daɗe yana burin Allah ya nuna masa ranar da zai tsaya a kabarin Shehu Ahmadu Tijjani. Ni kuwa an haɗa shi da ni ne saboda ɗan Larabcin da na karanta, da kuma ɗaukar jaka. Daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku muka tashi, muka bi ta Abuja da Legas, gari ya waye mana a Kazablanka. Daga nan jirgin ƙasa ya ɗebe mu, tafiyar wajen awa huɗu, sai Fas.

Zawiyar Shehu tana cikin tsohon gari, inda aka binne shi a 1815. Mun yi ziyara, mun yi wazifa tare da 'yan Senegal da Mali da wasu Kanawa, Kawu ya yi kukansa ya share. Wannan labari ne na wata rana.

Tsohon garin Fas mota ba ta shiga. Lungunan sun yi ƙunci, wani ma in ka miƙa hannuwa sai ka taɓa bango biyu, ga hawa ga gangara. Don haka duk abin da za a ci ko a sayar a ciki, a bayan jaki ko alfadari ko ƙaramin kura yake shiga: tukwanen gas, akwatunan lemo, siminti, har sharar gari. Kana tafe sai ka ji an ce "Balak! Balak!" daga baya, in ba ka manne da bango ba kaya ya goge ka. Na lura wasu alfadaran an yi musu takalmi da guntun tayar mota don kada santsin dutse ya kwashe su.

Kawu ba zai zo Fas ya tafi bai ga majemar Shuwara ba. A bakin ƙofa aka miƙa mana ganyen na'ana'a mu toshe hanci, shi kuwa ya mayar wa yaron abinsa yana dariya, wai shi a cikin wannan wari ya girma. Muna tsaye a bene muna kallon ramukan farar ƙasa da kashin tattabara da na rini, yake gaya wa mai shagon, ina fassarawa, cewa fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda aka jeme da bagaruwa, ayari ya ƙetara Sahara da ita. Mai shagon ya yi murmushin ɗan kasuwa, ya ce tabbas, sannan ya fito da jakunkuna.

A ƙofar majemar ne muka ga alfadarin. An sauke masa ɗanyun fatu, mai shi ya ɗaga akumari, sai ga miki a gadon baya. Irin wannan miki ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda masu jakuna ke lodin yashi ko laka a bayan gari ya san shi, kuma ya san maganinsa a wajenmu: baƙin mai, ko toka, ko a dafa ƙarfe a yi lalas. Wannan kuwa an aske gashin kewayensa, an wanke, an shafa magani, an kuma yanke tsakiyar shimfiɗar akumarin yadda ba za ta taɓa wurin ba. Kawu ya sunkuya ya duba da kyau, ya ce in tambayi mutumin wa ya yi masa wannan aiki, kuma nawa ya biya. Ya ce Funduƙin Amurka, wani asibitin dabbobin dako, kuma ko dirhami ɗaya bai biya ba.

Washegari da hantsi muka ɗauki tasi zuwa can. Wurin yana wajen ganuwa, a kan hanyar Taza. Wata matafiya Ba'amurkiya mai suna Amy Bend Bishop ce ta kafa shi a 1927, bayan ta ga halin da dabbobin dako ke ciki a garin, kuma har yau wata ƙungiyar kare dabbobi ta birnin Boston ce ke riƙe da shi, da gudummawar mutane. Jakuna da alfadarai da dawakai ake dubawa, kyauta. Ba shi kaɗai ba ne a ƙasar: ƙungiyar SPANA, wadda wata Baturiyar Ingila Kate Hosali da 'yarta Nina suka kafa a 1923 bayan sun zaga Arewacin Afirka, tana da nata asibitocin a Marakish da wasu garuruwa. Abin lura, duka biyun matafiya ne suka fara su, mutanen da suka zo kallon gari suka ga abin da 'yan gari suka saba gani har suka daina gani.

Mun tarar da layi a bakin ƙofa. Wani ya zo da ƙafa yana jan jakinsa mai ɗingishi, wani ya ɗauko nasa a bayan akori-kura daga ƙauye. A tsakar gidan, mai gyaran kofato ya naɗe ƙafar wani doki a cinyarsa yana fiƙe ta. Can gefe an buɗe bakin wani tsohon alfadari da ƙarfe ana goge masa haƙora, domin haƙoran irin waɗannan dabbobi ba sa daina fitowa, in suka yi kaifi sai su yanki kumatu, dabba ta kasa tauna, ta rame, mai ita ya yi ta ɗura mata maganin tsutsa a banza. Wata ɗalibar likitan dabbobi da ta zaga da mu ta nuna mana wani dunƙule mai tauri da aka ciro daga hanjin wani jaki, leda ce da igiya da ya yi ta ci a juji. Wannan kam Kawu bai buƙaci fassara ba. Ya ce mahautan Sakkwato kullum suna fitar da irinsa daga tumbin shanu da tumaki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake magana da masu dabbobin. Babu tsawa, babu "dubi yadda ka azabtar da shi". Likitan ya zauna da wani dattijo yana nuna masa inda linzami ke yankan bakin dabbarsa, ya ba shi wani mai laushi a madadinsa. Sun gane cewa talaka in ka kunyata shi sau ɗaya ba zai dawo ba, kuma jakin ne zai ɗauki hukuncin.

Kawu dai bai gamsu ba. Ya ja ni gefe, ya ce, "Bello, mi ka gani nan? Mutane na can gida ba su da na maganin masassara, ga jaki an rataya mai ruwan asibiti. Wanga wasan masu ƙoshi na."

Na ce, "Kawu, ai ku ne 'yan kasuwa. Ku buga lissafin mana."

Ya yi shiru yana jan casbi, sai ya fara da kansa. Ya kawo mutumin da ke kawo mana laka da taki a gida. Jaki ɗaya gare shi. Ranar da jakin ya kwanta, ba a ɗora tukunya. In ya mutu, sayen wani sai an sayar da akuyar matarsa an kuma ci bashi, ko ya koma dako da kai. Maganin mikin kuwa, in an tare shi da wuri, bai kai kuɗin mudun gero biyu ba. Ya gama lissafinsa bai ce na yi gaskiya ba, don ba a san shi da wannan ba. Cewa ya yi in tambaya ina ake ba da sadaka. Aka kai mu ofis, ya ƙirga dirhami ya ajiye, ya ce a rubuta masa rasiɗi, kuma in gaya musu shi don mai jaki ya bayar, ba don jaki ba. Matar da ke wurin ta ce duk aljihu ɗaya ne.

A nan zan ɗan tsaya, don masu tafiya irin tamu. Tausayi a ƙasar baƙi yana da 'yan kasuwarsa. Kusa da Bab Bujulud, shuɗiyar ƙofar nan da aka gina a 1913, wani saurayi ya tare mu da kwali cike da 'ya'yan kyanwa masu ciwon ido, wai a taimaka a kai su asibiti. Da yamma muka dawo, yana nan, kwalin na nan. In ka ba shi, gobe zai nemo wasu. Haka da muka hau tsaunin Atlas wajen Azru, cikin dajin itatuwan arzi, muka tarar da birai a bakin titi da masu sayar da gyaɗa a gefe. Wannan irin biri yana cikin haɗarin ƙarewa, tun 2016 an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma ana satar 'ya'yansa a ɗaura musu sarƙa a kai su dandalin Marakish don ɗaukar hoto da baƙi. Kuɗin hoton nan shi ne ke aika wani daji ya sato na gaba. Wurin da ya cancanci kuɗinka yana da ƙofa, da likita, da littafin shiga da fita, kuma ba ya jin haushi in ka ce a nuna maka. Ka tambaye su abin da suke buƙata kafin ka sayi komai. Kuma in ba aikinka ba ne, kada ka nace sai ka sa hannu. Baƙon da bai san bayan alfadari ba, wani majinyacin zai ƙara musu.

Karnukan titi kuwa kada ka taɓa. Ciwon haukan kare yana Maroko kamar yadda yake wajenmu. Za ka ga wasu da alamar roba a kunne, shaidar an yi musu allura an kuma fiɗiye su. Ƙungiyoyin kare dabbobi na zargin ana karkashe karnuka saboda gasar cin kofin duniya ta 2030, hukuma kuma tana musantawa. In tsautsayi ya sa kare ko kyanwa ya cije ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ka nufi asibiti a ranar.

Kyanwoyin Fas dai ba su da matsalar masauki. Suna kwance a ƙofar masallacin Ƙarawiyyin, suna zaune a gaban mahauta kamar masu jiran albashi, kuma kusan kowane lungu akwai kwanon ruwa da wani ya ajiye. Wani mai sayar da lalle a wurin da tsohon asibitin Sidi Faraj yake ya ce mana a da har waƙafi aka yi a nan don jinyar shamuwar da ta karye. Kawu ya ji daɗin wannan fiye da duk abin da ya gani a Funduƙi, don ya nuna masa abin ba Bature ya kawo shi ba. Ya karanto hadisin mutumin da ya shayar da kare da takalminsa aka gafarta masa, da na matar da ta kulle kyanwa ta shiga wuta, ya ƙara da wanda Annabi (SAW) ya ga jaki an yi masa lalas a fuska ya la'anci wanda ya yi. Duk mun haddace su tun muna makarantar allo.

A jirgin ƙasa muna komawa Kazablanka hirar ta koma gida. Jakunanmu ma ƙarewa suke yi, ba don ciwo kaɗai ba. Ana dafa fatarsu a Sin a yi wani magani da ake kira ejiao, kuma ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta ana yanka kusan miliyan 6 a duniya kowace shekara saboda shi. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a taronta na Fabrairun 2024 a Addis Ababa. Kawu ya san wannan ciniki ciki da bai, ya ga tireloli cike da jakuna sun nufi kudu, ya san yadda farashi ya tashi a kasuwannin Illela da Acida har mai dako ya kasa maye wanda ya rasa. Shi bai taɓa sayen fatar jaki ba, amma ya san waɗanda suka gina gidaje da ita.

Likitoci muna da su. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana yaye su, tana kuma da asibitin koyarwa na dabbobi. Dabarar Kawu ita ce a ɗauki ɗaya daga cikinsu ranar kasuwa, a zaunar da shi a gindin dogonyaro kusa da masu jakuna, 'yan fata su haɗa kuɗin magani da na mai gyaran akumari. Tun dawowarmu yake bin abokan sana'arsa rumfa rumfa da rasiɗin nan na Fas. Wasu sun sa hannu a aljihu. Wani Alhaji kuwa ya saurare shi har ƙarshe, ya ce zai bayar, amma sai Kawu ya fara biyan sa sauran kuɗin fatun bara.