Baje kolin kimiyya da 'yan firamare

Yaron aji huɗu da bai taɓa shiga baje kolin kimiyya ba, in ka ce ya kawo aikinsa, babansa zai je ya faɗa wa. Uban kuma sai ya wuce wajen kafinta ko mai gyaran rediyo. Ranar taro ka ga gidan kwali da fitila har da fanka tana juyawa, amma ka tambayi yaron me ke juya ta, sai ya sunkuyar da kai. Shi ya sa a makarantarmu a aji ake yin komai, da kayan madafi.

Zoɓo ya fi komai yi mana aiki. A zuba shi a kofi uku: ɗaya a matsa lemun tsami, jan ya ƙara haske, ɗaya a ɗiga ruwan kanwa, ya rikiɗe ya yi duhu. Na ukun ba a sa masa komai, kuma a kansa ake daga. "Malam, wannan ai ɓarnar zoɓo ce," in ji wata yarinya. Sai da na ɓoye kofin na ce ta nuna mini yadda kalar take tun farko, sannan ta gane amfaninsa. Wanda ya gane wannan kofin, a ganina, ya fi mai fanka nisa.

Haka muka yi da tukunya cikin tukunya, dabarar sanyaya kayan miya ba tare da lantarki ba, wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwanen biyu, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan na ƙafewa yana tafiya da zafi. Tumatir ɗaya a ciki, ɗaya a kan taga, yara suna rubuta abin da suka gani kullum. Da rani ake yinsa, don da damina iska na da laima, sanyin ba ya kai ya kawo.

Alƙalai kuwa, tambaya biyu nake roƙonsu su yi: me ka zata zai faru, me kuma ya faru? Yaron da wakensa ya ƙi tsirowa amma littafinsa ya nuna ya cika masa ruwa, yana iya cin maki fiye da mai kwalliya. Iyaye ba sa son wannan hukunci, gaskiya, don haka tun a taron iyaye da malamai nake sanar da su.