Yadda muka gano abin da ke lanƙwasa murafen bokitanmu

Na yi shekaru ina kula da ma'aikatan rana a wata masana'antar kayan roba da ke Sharaɗa a Kano, inda muke zuba bokitai da murafensu da bahon wanka. Aikin a baki mai sauƙi ne: a zuba ƙwayoyin roba a mazurari, inji ya narkar da su da zafin da ya haura digiri 200, ya tura narkakkiyar robar cikin mazubin ƙarfe, ruwa ya zagaya ta hanyoyin da aka huda a jikin mazubin har robar ta daskare, sannan mazubin ya buɗe kaya ya faɗo. Mafi yawan lokacin kowane zubi a wajen sanyayawar nan yake tafiya, kuma a nan matsalarmu ta ɓuya.

A wata bazara, tsakanin Maris da Afrilu, murafe suka fara fitowa a lanƙwashe, ba sa rufe bokiti ruf. Da safe lafiya lau, amma da zarar an yi azahar sai ɓarnar ta yawaita, har dillalanmu na kasuwar Sabon Gari suka fara dawo da kaya. Matakin da na fara ɗauka shi ne wanda har yau nake nadamarsa, domin na nemi a riƙa yanke wani abu daga albashin duk wanda injinsa ya fi fitar da kaya masu aibi. Cikin mako guda ɓarnar ta ragu a takarda, amma koken dillalai bai ragu ba. Daga baya na gane cewa yaran suna jefa lanƙwasassun murafen cikin injin niƙa kafin a zo ƙirga, waɗanda aibinsu bai fito fili ba kuma su cusa su a tsakiyar ɗauri. Tsoro na koya musu, suka kuwa ɓoye mini gaskiya.

Wani injiniya da ya zo duba mana na'ura ne ya ba ni labarin tsarin da Japanawa ke kira kaizen, wato gyara kaɗan-kaɗan kullum, wanda kowa yake da hannu a ciki tun daga manaja har mai shara. Ya ce kamfanin Toyota ya fara karɓar shawarwarin ma'aikatansa a tsare tun 1951, har ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya nemi a tsayar da layi idan ya ga aibi. Ya kuma ambaci Taiichi Ohno, wani babban injiniyan Toyota, wanda yake umartar mutanensa su tambayi "me ya sa" sau biyar kafin su yarda sun kai ga tushen matsala, kuma su yi tambayar a gaban injin da idonsu a kansa. Wannan na ƙarshen shi ya fi shiga raina, domin ni daga ofis nake yanke hukunci.

Sai na ɗauki kwana biyu ina tsaye a gindin injin murafe. A rana ta biyu, bayan sallar azahar, dattijon da ke kankare gefen murafe da reza yana jera su, wanda duk muke kira Baba, ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan taɓa tiyon nan." Na taɓa tiyon da ruwa ke fita daga mazubi, na ji shi da zafi sosai. Ya ce da safe ɗumi kawai yake yi, kuma a da idan ya riƙe shi yakan ji ruwan yana bugawa a tafin hannunsa, yanzu kuwa da ƙyar yake motsi. Na ce, "Baba, tun yaushe ka lura da haka?" Ya ce tun ƙarshen hunturu, amma ba wanda ya tambaye shi, kuma a lokacin da ake yanke kuɗi, mai faɗin aibin inji kamar ya kai ƙarar kansa ne.

Daga nan muka bi tambayoyin tare da shi da makanikinmu. Murafe suna lanƙwashewa ne saboda suna fitowa ba su gama daskarewa ba, hakan kuma saboda mazubin ba ya yin sanyi, domin ruwan da ke shiga ya yi kaɗan kuma ya riga ya ɗumama. Da muka kwance matatar bututun, sai muka tarar da ita toshe da laka, wato ƙurar hunturu da ta yi wata da watanni tana sauka cikin buɗaɗɗen tankin ruwa, ga kuma farin ɓawo da ruwan rijiyar burtsatse ya bari a hanyoyin mazubin. Tankin kansa yana yammacin ginin, rana tana dukansa tun daga azahar. Tambaya ta biyar ce ta fi ɗaci: me ya sa ba a wanke matatar ba? Masu gyara sun ɗauka aikin masu tuƙa inji ne, su kuma sun ɗauka na masu gyara ne, ni da ya kamata in raba aikin ban taɓa rubuta shi da sunan kowa ba.

Gyaran bai ci kuɗin kirki ba, alhali kafin nan na riga na rubuta takardar neman sabuwar na'urar sanyaya ruwa. Muka wanke hanyoyin mazubin da maganin cire ɓawo, muka yi wa tankin rumfar kwano wadda iska ke ratsawa, muka sa wanke matata duk Juma'a a lokacin da ake tsayar da injuna don tafiya masallaci, muka kuma shafa jan fenti a agogon matsin ruwa domin ko wanda bai iya karatu ba ya gane idan allura ta sauka. Na je wurin manaja na roƙi a mayar wa ma'aikata kuɗin da aka yanke, kuma sai da na koma sau uku kafin ya amince.

Akwatin shawara da na rataye bayan haka bai yi amfani ba, domin da yawa daga cikin ma'aikatan ajami suka fi iyawa, wasu kuma suna jin nauyin rubuta abin da zai zama kamar gyara wa na gaba. Muka maye gurbinsa da tsayuwar minti goma a lokacin da masu aikin rana ke miƙa wa na dare, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya wahalar da shi. A nan ne wani matashi ya kawo shawarar a tanadi sifana da kusoshi a kan amalanke, a kuma jawo sabon mazubi kusa tun injin yana aiki, maimakon a tsayar da shi sannan a fara neman kaya. Abin da har yanzu muke fama da shi shi ne robar da ke daskarewa a cikin inji idan wuta ta ɗauke kafin janareto ya tashi, kuma Baba ne yanzu yake riƙe da littafin da muke rubuta sau nawa hakan ke faruwa a mako.