Asabar: zaman da aka yi kan yaran ƙanena

Yau da hantsi aka zauna a gidan mai unguwa. Matar ƙanena ta gama idda makon jiya, shi bai mayar da ita ba, ita ma ba ta nemi kome ba. Abin da ya rage shi ne yara: mai sunan Hajiyarmu mai shekara 7, da ƙaninta da bai cika 3 ba. Maza suna zaure, mu mata an shimfiɗa mana tabarma a bakin ƙofar shiga gida, muna jin komai.

Baffa ne ya fara, kamar yadda na zata. Ya ce ɗa na uba ne, an yaye yaro, a kawo mana abinmu. Mahaifiyar matar ta buɗe baki, liman ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri tukuna." Sannan ya juya ga Baffa cikin ladabi ya ce al'ada daban, hukunci daban. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, riƙo na uwa ne bayan saki: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. Ya ce ko ɗalibin da ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya san haka. In kuma uwar ta sake aure, ba wajen uba ake fara kai su ba. Kakarsu ta wajen uwa ce a gaba, sai 'yar'uwar uwa. Uba shi ne waliyyi, kuma ci da sha da sutura da magani da karatu duk a wuyansa suke. Ba a karɓe yaro sai an tabbatar mai riƙon ba ta da amana ko ba za ta iya ba.

Zauren ya yi tsit. Can ƙanena ya ce, "Allah gafarta Malam, wato ni in ta biya, wasu na riƙe da 'ya'yana?" A nan ne gizo yake saƙa. Ba kewar yara ce kaɗai ke damunsa ba, tsoro yake kuɗinsa su tafi adashi da kayan kwalliya.

Mai unguwa ya tambaya ko gwaggon yara tana da magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni: in an kawo su, wa zai riƙe su?" Hajiyarmu ba ta iya tashi sai da sanda. Ni ɗakina cike yake. Shi kuwa tun asuba yake fita kasuwa sai bayan isha. Saura amaryar da yake nema, wadda ba a ko sa rana ba. Ban ce duk matar uba muguwa ce ba, amma na ga yarinya a layinmu da aka raba da uwarta haka, yau faranti ne a kanta maimakon allo. Baffa ya harare ni ta ƙofa, na sunkuyar da kai, amma dai na faɗa.

Daga nan aka shiga lissafi, wanda ya fi komai cin lokaci. Kuɗin makaranta da na Islamiyya shi zai riƙa kaiwa da kansa, ya karɓi rasit. Hatsi zai aika duk wata, kuɗin cefane kuma ta banki, don kowa ya sami shaida. Yara za su zo wajenmu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su koma Lahadi kafin magariba. Ƙaramar salla a can, babba a nan, dogon hutu a raba. Liman ya ƙara da cewa kada wanda ya zagi wani a gaban yara, kada kuma a riƙa aiken yarinyar da saƙon kuɗi. Aka rubuta, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya ajiye kwafi, ya ce wanda ya saɓa sai dai a haɗu gaban alƙali.

Da za mu fito, uwar yaran ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ba mu hana ku jininku ba." Na ce mun sani.

Har yanzu Baffa bai amsa gaisuwata ba. Gobe zan kai musu katin rigakafin yaron da kayan makarantar yarinyar da aka bari a ɗakin Hajiya.