Abin da Na Koya Daga Matar da Ta Yi Shekara Hamsin Tana Rainon Funfuna

A 1907 aka damƙa wa wata budurwa 'yar ƙasar Holan mai suna Johanna Westerdijk kwalaben gwaji kimanin 80, kowace da irin funfunar da ke raye a cikinta, aka ce ta kula da su. Shekararta 24 a lokacin. Ba ta sauke wannan amana ba sai 1958, kuma kafin nan tarin ya kai wajen 11,000, masana daga ko'ina a duniya suna aiko mata da wasiƙa suna neman iri. Masu ba da tarihinta sun fi son farawa da cewa ita ce mace ta farko da ta zama farfesa a Holan, a Jami'ar Utrecht a 1917. Haka ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma ni da nake aiki a ɗakin gwaje-gwajen cututtukan shuka, kwalaben nan suka fi tsaya mini a rai, don na san wahalar da ke cikin raya ko da guda goma.

Funfuna a kwalba ba ajiya ba ce da za ka rufe ka manta. Cin abincin da ka zuba mata take yi, in ya ƙare ko ya bushe ta mutu. Don haka duk bayan 'yan watanni sai an yi mata sabon gida. Mu a wurinmu dankalin turawa muke dafawa, mu tace ruwan, mu sa sikari da garin da ke daskarar da shi, mu turara a tukunyar matsi har duk wata ƙwayar cuta ta mutu, sannan mu jingine kwalaben a karkace su huce. Ranar dashe kuwa, ka zauna gaban fitilar sifirit, ka ƙona allura har ta yi ja, ka jira ta huce, ka zare audugar bakin kwalba da ɗan yatsanka ƙarami ba tare da ka ajiye ta ba, ka ɗebo ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba daga gefen da yake sabon tsiro, ka kai sabuwar kwalba, ka toshe. Ba magana, ba tari. Iska kaɗan ta shiga, bayan kwana uku ka tarar da baƙuwar funfuna koriya ta mamaye taka. Sai rubutun jikin kwalba: suna, inda aka samo, rana. Lamba ɗaya ta kauce, abin da ke ciki ya zama ba shi da asali, ko da yana raye.

A zamanin Westerdijk, galibin shekarun aikinta da hannu ake wannan, dabarun busarwa da daskarewa da ake taƙama da su yanzu ba su yaɗu ba. Ita da ma'aikatanta, waɗanda yawancinsu mata ne, haka suka riƙa bin dubban kwalabe ɗaya bayan ɗaya a wani gida da ake kira Villa Java a garin Baarn, inda ɗakin gwajin da take shugabanta ya koma a 1920. An yi yaƙin duniya biyu suna kan wannan aiki.

Darasin farko da na ɗauka ke nan, kuma ya saɓa wa abin da na tarar ana yi. A wurare da yawa da na sani, rainon funfuna aikin ƙaramin ma'aikaci ne, ba ya kawo ƙarin girma, ba ya fitar da maƙala. Ɗalibi zai sha rana a gonaki yana tsinto gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, ya ware irin da ke haifar da gubar afulatoksin, ya rubuta kundinsa, ya karɓi digiri ya tafi. Kwalabensa su zauna a firij har a ɗauke wuta na mako guda su lalace, ko su bushe a kan kanta. Bayan shekara biyu wani ɗalibin ya zo ya soma daga farko. In kuma wani ya yi shakkar abin da na farkon ya rubuta, babu abin da za a ɗauko a sake dubawa. Wannan asara tana ci mini rai, domin kuɗin da aka kashe da gumin da aka zubar duk a cikin kwalaben nan suke.

Wanda ke ajiya bai san ranar da za a nemi abin ba. Lokacin da Jamusawa suka mamaye Holan a yaƙin duniya na biyu, masu bincike a wani kamfanin yis da ke garin Delft sun ji labarin maganin fenisilin, suka ƙudura su yi nasu a ɓoye. Irin funfunar da suka gwada daga tarin Baarn suka samo shi, kuma maganin da suka haɗa, wanda suka sa wa suna Bacinol, an yi wa marasa lafiya amfani da shi a 1945. Shekarun da aka yi ana dasa waɗannan kwalabe, ba wanda ya san magani ne a ciki.

Darasi na biyu ya fi wuyar aikatawa, kuma ya shafi yadda malami ke tsayawa bayan ɗalibinsa. Wajen ƙarshen yaƙin duniya na farko, bishiyoyin elm, waɗanda suka jeru a bakin hanyoyi da magudanan ruwan Holan, suka fara yaushi suna mutuwa. Kowa da nasa hasashen: wasu su ce fari, wasu su ce hayaƙin gubar da aka yi yaƙi da shi, wasu su ce bakteriya. Westerdijk ta ba ɗalibarta Bea Schwarz wannan aiki. A kundin digirin digirgir da ta gabatar a 1922, Schwarz ta ce funfuna ce, ta sa mata suna Graphium ulmi. Manyan masana suka ƙi yarda. Kuma in za a yi adalci, suna da abin kamawa: da ta sa wa bishiyoyi masu lafiya funfunar, cikin itacen ya yi baƙi-baƙi kamar na masu cutar, amma ganyen bai yi yaushi ba.

Westerdijk na da muƙamin da za ta iya cewa ni farfesa ce, na duba, magana ta ƙare. Tana kuma iya zame jiki ta bar yarinyar da kunyarta, wanda shi na fi gani ana yi. Abin da ta yi shi ne ta nemo kuɗi, a 1927 ta ɗora wata tsohuwar ɗalibarta, Christine Buisman, a kan maganar don a sake gwajin daga tushe. Buisman ta gano inda gizo ke saƙar: lokaci ne. Bishiyar ba ta kamuwa sosai sai a farkon lokacin zafi, sa'ad da take fitar da sabon itace kuma hanyoyin ruwanta suke a buɗe. Da ta yi allurar funfunar a wannan lokaci, ganye ya yi yaushi kamar yadda ake gani a bakin titi. Zuwa 1929 gardama ta mutu, Schwarz ce mai gaskiya. Shekara bakwai ke nan tsakanin faɗar gaskiyar da karɓar ta.

Tun da na karanta wannan, in gwajin ɗaliba ya ƙi fitowa ta zo tana cewa "Malama, ina jin ba ita ce cutar ba," tambayar farko da nake mata ita ce kwanan shukar nawa, kuma a wane yanayi ta sa mata cutar. Sau da yawa amsar tana nan.

Buisman ta ci gaba da tantance dubban 'ya'yan itatuwan elm tana neman masu jure cutar, amma rai ya yi halinsa a 1936, kwanaki kaɗan bayan ta cika shekara 36, sakamakon wata tiyata. Irin da ta zaɓo aka sa masa sunanta. Bai cika burin da aka ɗora masa ba, don wata funfunar ta daban tana kama shi, amma hanyar gwajin da ta shimfiɗa ita waɗanda suka biyo bayanta suka bi.

Ba mamaki Westerdijk ta san zafin a rufe wa mutum ƙofa. Takardar sakandaren da take da ita ba ta ba ta damar yin digirin digirgir a ƙasarta ba, sai da ta tafi Munich a Jamus, sannan Zurich a Suwizalan, inda ta kammala a 1906. Da ta samu kujera, ɗalibai 56 suka yi digirin digirgir a hannunta, kusan rabinsu mata, a zamanin da mace a ɗakin gwaji abin kallo ce. Kuma ba mai ɗaure fuska ba ce. A saman ƙofar ɗakin gwajinta an sassaƙa cewa aiki da shagali su ke gina lafiyayyen hankali, kuma duk wanda ya kammala sai an yi masa biki da waƙa. Na yarda da ita a nan ɗari bisa ɗari. Mai tsoron malaminsa ba zai zo ya ce kwalba ta gurɓace ba, ɓoyewa zai yi, kuma ɓoyon nan ne ke kashe tarin funfuna.

Ita kuwa Schwarz, bayan digirinta ta koma tsibirin Java na Indunusiya, inda aka haife ta, ta kama aiki a kan wata cutar bakteriya da ke sa gyaɗa yaushi ta mutu a tsaye. Ta bi gonaki tana zaɓar tsiron da ya tsira a inda saura suka faɗi, har ta fitar da irin da ake kira Schwarz 21. Manoman can sun daɗe suna shuka shi, kuma masu haɗa sabon irin gyaɗa sun yi ta komawa gare shi in suna neman jurewar wannan cuta.