Dutsen tozali da cinikin kawu

Jiya a kasuwar Garwa ta Kamaru na ga wata tsohuwa ta baza tozali a faifai, sai na tuna kawuna da ya yi shekaru yana tsallakawa Najeriya, can Zurak wajen Wase, yana sayo dutsen nan buhu-buhu. Da yawa basu san dalma ce a ciki ba, harda 'yar azurfa da ido baya gani.

Cinikin kuwa na wayo ne wallahi. In kawu ya kai sayarwa, mai saye baya yarda da na saman buhu, kowa ya san mai ƙyallin ake jerawa a sama, sai yasa a ɗibo daga kowane buhu a farfasa a cakuɗa a tara tsibi, a raba huɗu a ture biyun da ke kallon juna, a sake a sake har ya rage ɗan kwano, sannan a niƙa. Sai ya ɗora wata na'ura kamar bindiga ta nuna kason dalma, a tsantsar dutsen ma dalmar bata kai kashi 87 cikin 100 ba. Azurfa kam sai an kai lab an narka da wuta, a ce giram kaza a tan.

Sau ɗaya aka yi ma kawu sakiyar da ba ruwa, bai riƙe nashi samfur ba, aka ce kayan a jiƙe suke aka zaftare nauyi, kuɗin azurfa kuma ko sefa ɗaya. Tun ranar sai an kasa garin uku, nashi a ƙulle a leda yake tafiya da shi.

Ni ƙurar niƙan ce ma ke bani tsoro, tun abin da dalma tayi ma yaran Zamfara a 2010.